Polan: yadda masu ƙasar ke ganin kansu, da yadda mu baƙi ke ganinsu

Auwalu Poznan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana tana cina, na ce bari in kawo ta nan. Jiya da daddare muna shan shayi da dattijon da nake haya a gidansa, hira ta biyo ta kan Afirka, sai na ce masa ai ku Turawa ne kuka kasa mu kamar naman watanda, kowa ya ɗauki kasonsa. Wallahi nan take fuskarsa ta canja. Bai ce uffan ba, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin taswira, ya buɗe shafin Turai na shekarun 1800, ya ce in nuna masa Polan. Na duba sama na duba ƙasa, babu ita. Rasha na gani, da Ostiriya, da Farusiya wadda daga baya ta zama jigon Jamus. Ya ce, "Ranar da aka zauna a Berlin ana rabon ƙasarku, mu an kusa shekara casa'in da gama rabon tamu."

Na rasa ta cewa. Shekara biyu ke nan ina ƙasar nan, ina kallonsu a matsayin Turawa kawai, ashe su a ransu mutane ne da aka zalunta. Tambayata ga waɗanda suka zauna da su ko suka karanta tarihinsu: gaskiya ce wannan, ko hanyar zame wa laifi ce?

Sadiku Fagge:
Wa'alaikumus salam. Yaya Auwalu, tsaya tukuna, Polan ko Holan? Ni fa Lewandowski kaɗai na sani a can.

Auwalu Poznan:
Sadiku, ba kai kaɗai ba ne. Har yau Hajiyarmu in za ta ba maƙwabta labari cewa take ina Holan. Wannan ma yana cikin abin da ke musu ciwo: ƙasa mai mutum kusan miliyan 38, amma a waje sai an yi ta kwatance kafin a gane ta.

Malam Habu Zariya:
Auwalu, dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Sau uku aka yanka ƙasar, a 1772 da 1793 da 1795, daga nan ta ɓace daga taswira har shekara 123. Sai ranar 11 ga Nuwamban 1918 ta dawo. A yankin da Jamusawa suka riƙe an tilasta wa yara karatu da Jamusanci, a na Rasha kuma da Rashanci. Shi ya sa taken ƙasarsu ya fara da cewa Polan ba ta mutu ba muddin muna raye. Duba ka gani, wace ƙasa ce za ta buɗe takenta da irin wannan magana in ba wadda aka sha binnewa ba?

Kuma ba su daɗe da dawowa ba aka sake faɗa musu. Jamus ta shigo ranar 1 ga Satumban 1939, Tarayyar Sobiyet ta biyo ta gabas ranar 17 ga watan. Kafin yaƙin ya ƙare sun rasa mutum wajen miliyan 6, kusan rabinsu Yahudawan ƙasar. A 1940 Sobiyet ta harbe hafsoshinsu da masu iliminsu kusan 22,000 a Katyn da wasu wurare, aka shekara hamsin ana cewa Jamusawa ne suka yi. Birnin Warsaw kuwa bayan boren da mutanensa suka yi wa Jamusawa a 1944 gida-gida aka bi ana rusawa, kusan kashi 85 cikin ɗari ya zama kufai. Da aka ce an ci yaƙi, sauran Turai na murna, su sai aka bar su a hannun Mosko har 1989.

To mutumin da kakarsa ta ba shi wannan labari, ka zo ka haɗa shi da Gwamna Lugga a kwando ɗaya, dole ransa ya ɓaci.

Maman Ilham:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ta wani ɓangaren na san su. A nan Ingila shekara tara ina aiki da matan Polan a gidan kula da tsofaffi. Tun da suka shiga Tarayyar Turai a 2004 suka yi ta kwararowa, akwai lokacin da suka kusa miliyan ɗaya a Birtaniya. Kallon da ake musu a nan, wallahi bai wuce wanda ake mana ba: masu gyaran famfo, masu birkila, masu shara, masu shan barasa. Akwai wata abokiyar aikina, digiri biyu gare ta a lissafi, amma tsohuwar da take wa wanka tana tambayarta ko suna da wutar lantarki a garinsu. Da muka fito hutun shayi ta ce min, "Kin ji ko? Irin tambayar da ake miki." Ranar muka zama ƙawaye.

Abin da na lura, in suna tsakaninsu babu wanda ya kai su kushe ƙasarsu. Gwamnati ɓarayi, asibiti layi, albashi ba ya isa, maƙwabci ɗan hassada. Amma Bature ɗan Ingila ya kuskura ya faɗi rabin wannan, sai ka ga sun haɗa kai sun taso masa.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, ai wannan halin namu ne sak. Mu zagi Nijar daga safe har dare, amma baƙo ya taɓa ta sai an ji mu. Maganar mai gyaran famfo kuwa daga Faransa ta yi ƙarfi. A 2005, lokacin ƙuri'ar raba gardama kan kundin tsarin mulkin Turai, da shi aka riƙa tsorata mutane, wai zai zo ya ƙwace musu aiki da araha. Ina Liyon a lokacin, da kunnena na ji.

Auwalu Poznan:
Anti Maman Ilham, kin taɓo wurin. Ƙorafi a nan kamar gaisuwa ne. Mu ko mutum yana kwance a gadon asibiti ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdulillahi. Su kuwa ka tambayi mutum ya yake, akwai amsar da suke bayarwa, ma'anarta "tsohon talaucin nan dai". Kuma mai faɗin haka yana da mota, ya dawo daga hutu a Girka.

Ni da na zo daga gida da tunanin zan tarar da ƙasar kwaminis mai dogayen benaye masu launin toka, abin da na gani ya ba ni mamaki. Benayen suna nan, amma tituna sababbi, jirgin ƙasa na zuwa, da waya ake biyan kuɗin komai har wurin mai sayar da kayan miya, mace na tafiya ita kaɗai ƙarfe sha biyun dare. A 2009 da tattalin arzikin ƙasashen Tarayyar Turai ya ja baya, tasu ce kaɗai ba ta ja ba. In na faɗa wa abokan karatuna haka sai su ce ai ban ga Jamus ba ne. Kullum da Jamus suke auna kansu, shi ya sa kullum suke ganin sun gaza.

Wani abu kuma, kada ka kuskura ka ce musu Gabashin Turai. Za a gyara maka a take: Tsakiyar Turai. A kunnensu "gabas" na nufin 'yan amshin shatan Rasha.

Zainab Likita:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina neman afuwa, ni ba zan iya yabon nan da ku ba. Ina aji huɗu a karatun likita a Kharkiv ta ƙasar Yukiren yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022. Muka yi kwana biyu a hanya zuwa Lviv, daga nan muka taka da ƙafa zuwa kan iyaka ta Medyka, cikin sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. A layi aka ware mu, baƙaƙe gefe guda, aka ce mu jira. Na ga an wuce da mace da karenta, mu muna tsaye tun asuba. Har Tarayyar Afirka sai da ta fitar da sanarwa kan abin da aka yi mana. Da muka tsallaka muka isa Przemysl, aka ce kada mu fita da dare, wasu samari na yawo suna neman baƙi masu duhun fata.

Don haka in an ce min su mutane ne da aka zalunta, sai in ce to, wanda ya san zafin wuta ai shi ya kamata ya fi kowa tausayin wanda ya ƙone.

Maman Ilham:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya sa kaffara ce. Ban san kin bi ta wannan hanyar ba.

Auwalu Poznan:
Zainab, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ba na musa ko kalma ɗaya. Amma ina so in tambaye ki tsakani da Allah, wariyar layin nan a wane ɓangaren iyakar aka yi ta? Don yawancin waɗanda na yi magana da su sun ce kafin a tsallako ne.

Zainab Likita:
Gaskiya ne, kafin mu tsallaka ne, ba zan ɗora musu abin da ba su yi ba. Kuma tunda ka tambaya tsakani da Allah, bari in cika labarin. A tashar jirgin ƙasa wata mata da mijinta suka ɗauke mu mu uku a motarsu, ba su san mu ba, ba ma jin yaren juna. Kwana huɗu muka yi a gidansu. Da matar ta ga muna neman wurin salla, ta kwashe kayan ɗakin ɗanta ta shimfiɗa mana bargo mai tsabta. Ta tambaya da waya me ba ma ci, ba ta ƙara dafa naman alade ba har muka tafi. Ranar rabuwa tana kuka ina kuka.

To ka ga matsalata. Duka biyun na gani da idona cikin mako guda, samarin da matar. Har yau in an tambaye ni ya mutanen Polan suke, sai in rasa wanne zan fara faɗa.

Malam Habu Zariya:
'Yata, ki faɗi duka biyun, haka ya dace. Kuma maganarki ta farko tana da tushe, kada ki janye ta. A 2022 sun buɗe ƙofa ga miliyoyin 'yan Yukiren, yawanci a gidajen mutane aka sauke su, ba a sansani ba, duniya ta yaba. Amma watanni kaɗan kafin nan, a iyakarsu da Belarus, mutanen Iraƙi da Siriya da Afganistan da wasu 'yan Afirka sun maƙale a daji cikin sanyi, wasu sun mutu a can. Daga baya aka gina katangar ƙarfe mai tsawon kusan kilomita 186. Gwamnatinsu ta ce shugaban Belarus Lukashenko ne ya kwaso mutanen ya turo su don ya takura wa Turai, kuma hakan ya faru. Sai dai wanda ya daskare a dajin nan ɗan Adam ne, ko wa ya turo shi.

Sannan Auwalu, ka koma wa dattijonka da wannan cikin ladabi. Gaskiya ne ba su mallaki ko taku ɗaya a Afirka ba, amma ba don ba a yi sha'awa ba. A shekarun 1880 wani ɗan ƙasarsu, Szolc-Rogozinski, ya je gaɓar Kamaru da burin samar musu wuri. A shekarun 1930 kuma suna da babbar ƙungiya mai fafutukar a ba Polan yankunan mallaka, har Laberiya suka gwada kafa gonaki. Abin bai yiwu ba ne kawai.

Ɗan Maraɗi:
To Malam, ashe rashin ƙarfi ne ya hana, ba tsoron Allah ba.

Malam Habu Zariya:
Kada mu yi saurin yanke hukunci, Alhaji. Ana hukunta mutum da abin da ya aikata ne. Kuma ga wani labarin da ke ɗaya hannun: sojojin Polan da Napoleon ya tura Haiti a 1802 su murƙushe bayin da suka yi tawaye, wasu daga cikinsu suka juya suka koma bayan bayin. Da Haiti ta samu 'yanci, kundin tsarin mulkinta na 1805 ya ba su izinin zama 'yan ƙasa, alhali an hana yawancin fararen fata mallakar ƙasa. Jikokinsu na can har gobe.

Sadiku Fagge:
Ni dai ta fannin ƙwallo zan sa baki. Na je na bincika bayan maganar Yaya Auwalu. Ashe Emmanuel Olisadebe ɗan Najeriya ne ya ci musu ƙwallayen da suka kai su gasar cin kofin duniya ta 2002, bayan shekara 16 ba su je ba. To mutanen da ba sa son baƙar fata za su ba shi rigar ƙasa?

Zainab Likita:
Sadiku, shi ma an jefe shi da ayaba a filin wasa a ƙasar. Son mai cin ƙwallo daban, son maƙwabci daban.

Auwalu Poznan:
Duka kun yi gaskiya. Akwai kuma John Godson, haifaffen Najeriya, da ya shiga majalisar dokokinsu a 2010 daga birnin Lodz, kuma fararen fata ne suka zaɓe shi, don baƙaƙen garin 'yan kaɗan ne a lokacin. A Warsaw ma akwai dutsen tunawa da August Agboola Browne, makaɗi ɗan Legas da ya zauna a birnin tun kafin yaƙi, ana danganta shi da boren 1944.

Ni abin da na gani a zamana: kallo akwai shi, musamman in ka fita manyan birane. A ƙauye yara har bin ka suke da ido. Sau ɗaya wani mashayi ya zage ni a motar haya, wata tsohuwa ta tashi ta balbale shi da faɗa har ya sauka. Ranar 11 ga Nuwamba kuwa, da masu tsattsauran kishin ƙasa ke maci a Warsaw, mu ɗalibai baƙi muna gargaɗin juna a zauna a gida. Ba zan ɓoye wannan ba.

Amma rashin fara'arsu da ake ta faɗa, na daina ɗaukarsa ƙiyayya. Ba sa yi wa wanda ba su sani ba murmushi, ko ɗan uwansu ne. Sai an saba. In kuwa aka saba, an shiga uku da abinci. Suna da karin magana cewa baƙo a gida, Allah a gida. Daren jajiberin Kirsimeti kowane gida na ajiye faranti ɗaya da kujera babu kowa, wai ko baƙo zai ƙwanƙwasa. Bara ni na zauna a kujerar nan a gidan dattijona, kuma abincin daren babu nama, kifi ne da miyar gwoza ja, na ci hankalina kwance.

Maman Ilham:
Baƙonka annabinka ke nan. Ikon Allah.

Hafiz Kumasi:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Tambayata kan addini ce. Abin da muke ji a nan shi ne ƙasar Katolika ce ta gidi, ba sa ƙaunar Musulmi, kuma suna alfahari da cewa sarkinsu ne ya kori Turkawa daga Biyana, babban birnin Ostiriya. Yaya mai salla yake rayuwa a can?

Malam Habu Zariya:
Malam Hafiz, batun Biyana gaskiya ne, Sarki Jan Sobieski ne a 1683, kuma masu ƙyamar baƙi na yawan ɗaga sunansa. Abin da ba sa faɗa shi ne a cikin rundunarsa akwai Musulmi, 'yan ƙabilar Tatar. Mutanen nan sun fi shekara 600 a wannan yanki. Shi Sobieski ɗin da kansa ya ba su filaye a 1679, kuma har yau masallatansu na katako na tsaye a ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany, kusa da iyakar Belarus.

Cocin kuwa, ka fahimci matsayinta a wurinsu. Lokacin da babu ƙasa, a coci harshe da tarihi suka fake. Da aka zaɓi ɗansu Karol Wojtyla ya zama Fafaroma a 1978, ya ziyarci gida a 1979, shekara guda bayan nan ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka kafa ƙungiyar ƙwadagon da Lech Walesa ya jagoranta, wadda ta kai ga faɗuwar kwaminisanci.

Auwalu Poznan:
Malam Hafiz, na je Kruszyniany da rani. Masallacin kore ne, ƙarami, in ka hango shi sai ka ɗauka gidan wani manomi ne. Na yi raka'a biyu a ciki, na zagaya maƙabartar, duwatsu da rubutun Larabci da sunaye irin nasu. Jikina ya yi sanyi. A birane kuma akwai wuraren Juma'a, akwai naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa. Mai hijabi takan sha kallo fiye da mu maza, wannan gaskiya ne.

Kuma hoton nan na ƙasar da kowa ke coci ya fara tsufa. Abokan karatuna da yawa ba sa zuwa sai biki ko jana'iza. A 2020 da kotu ta tsaurara dokar zubar da ciki, dubun dubatar matasa suka cika tituna. Su kansu a rabe suke, birni da ƙauye, yamma da gabas, tsoho da yaro. Akwai gidajen da aka hana zancen siyasa a kan tebur saboda kada a ɓata.

Zainab Likita:
Malam Habu, ina da tambaya. Me ya sa suke tayar da jijiyar wuya in an ambaci Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan gilla? Na taɓa cewa "sansanin Polan" a gaban matar da ta sauke mu, ta girgiza kai har sau uku.

Malam Habu Zariya:
Domin Jamusawa ne suka gina shi suka gudanar da shi, a ƙasar da suka mamaye, kuma fursunonin siyasa na farko da aka kai can 'yan Polan ne. Ko Obama da ya yi wannan tuntuɓen harshe a 2012 sai da ya rubuta wasiƙar nuna nadama. Suna kuma tuna wa duniya cewa a jerin waɗanda Isra'ila ta karrama saboda ceton Yahudawa, su suka fi kowa yawa, sama da mutum 7,000, alhali hukuncin ɓoye Bayahude a can kisa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne akwai wuraren da maƙwabta suka kashe maƙwabtansu Yahudawa, kamar garin Jedwabne a 1941. Shugaban ƙasarsu Kwasniewski ya nemi gafara a wurin a 2001, wasu suka yaba, wasu har yau ba su yafe masa ba. A 2018 aka yi dokar hukunta mai ɗora wa al'ummar Polan laifin 'yan Nazi, duniya ta yi ca, suka cire hukuncin ɗaurin. Al'ummar da ta ginu a kan cewa ita aka zalunta, yana mata nauyi ƙwarai ta ji an ce wasu 'ya'yanta ma sun yi zalunci. Mu ma da za a buɗe wasu shafukan tarihinmu, na bayi da na yaƙin basasa, haka za mu riƙa kauda kai.

Ɗan Maraɗi:
Wannan magana ta yi nauyi, Malam, amma haka take.

Hafiz Kumasi:
Wani abin da na tuna yanzu. An taɓa gaya min akwai masanin Polan da ya yi aiki a kan rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malaminmu na nan Gana. Da gaske ne?

Malam Habu Zariya:
Da gaske ne. Farfesa Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw, ya yi shekaru yana nazarin ajamin Alhaji Umaru. Ana koyar da Hausa a jami'ar tun shekaru da dama, Farfesa Nina Pawlak ma a can ta koyar. Akwai 'yan Polan da za su zauna su warware maka nahawun Hausa, mu kuwa a nan muna tambaya ko Holan ce.

Sadiku Fagge:
Na karɓi gyara, Malam. Daga yau na bambance.

Auwalu Poznan:
Na sauka ƙasa ɗazu na sami dattijon, na karanta masa wasu daga cikin maganganunku ina fassarawa. Labarin Haiti ya san shi, har ya gyara zama. Na Kamaru da Laberiya bai taɓa ji ba, ya yi shiru, ya ce zai tambayi jikarsa ta duba masa. Da na zo kan labarin Zainab sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce in tambaye ki sunan garin da matar nan take, in kina da lambarta yana so ya kira ta ya yi mata godiya.

Zainab Likita:
Ina da ita, muna gaisawa duk sallah da Kirsimeti. Bari in fara tambayarta tukuna, in ta amince zan turo maka ta akwatin sirri.